Baƙin Allo a Suame

Shekara talatin da ɗaya nake Magazin,
baƙin mai ya zama lallen hannuna.
Mota in ta yi tari tun daga bakin titi
na san ko fulogi ne, ko kabureta ke jin ƙishi.
Kunne ne jarina.
Da shi na yi rufin kwano a Aboabo.

Ran Talata Barikisu ta zo,
ungozomar nan mai dariya da wushirya,
an jawo motarta da igiya
kamar akuyar da ta ƙi kasuwa.
Fara sol, mai cin lantarki,
ta yi shekara shida a ƙasar ƙanƙara
kafin jirgi ya sauke ta a Tema.
Adashin shekara huɗu, in ji ta,
da ɗan filin da uwarta ta bari.

Na kara kunne a boneti.
Shiru.
Na ce, to, ina ciwon?
Ta nuna min allo mai faɗin faranti,
baƙi wuluk, kamar bakin rijiya da dare.

Batir lafiya lau.
Birki kamar jiya aka ɗaura.
Amma waifa a cikin allon take,
fitila a ciki, iskar share raɓar gilashi a ciki,
gudun da kake, cajin da ya rage,
har akwatin takardu sai allon ya ga dama.
Wane maigida ne zai rataya makullan gida duka
a wuyan yaro guda,
yaron kuma mai nauyin barci?

Ta ce ba rana ɗaya ya mutu ba.
Da fari sai ta taɓa sau uku yake amsawa.
Sai kumfa ta fito ta gefe,
wani danƙo na tsiyaya in rana ta take.
Sai ya koma taɓa kansa:
rediyo ya buɗe baki da yaren da ba ta ji,
taswira ta nace a juya hagu
zuwa gidan wani mutum
da bai taɓa jin sunan Asawase ba.

Daren Lahadi aka kira ta, naƙuda ta tsananta,
ruwa kamar da bakin ƙwarya.
Daidai Oforikrom allon ya ɗauke.
Ta zuge taga, ta leƙa da kai,
hannu ɗaya a sitiyari,
ɗaya na goge gilashi da ɗankwali.
Ta isa. Mace aka samu.
Da safe motar ta ƙi gane ta.

Na baje sufanuna a ƙasa.
Ba noti ko ɗaya da ya san ni.
Dole na aika a kira Fuseini, ɗan ƙanwata,
mai gyaran waya a Adum,
wanda na kora shekaran jiya don ya ƙi shiga ƙarƙashin tifa.
Ya zo da sukudireba kamar tsinken sakace.
Ya ce, Kawu, ƙwaƙwalwar ce,
ɗan abu bai kai farcen yatsa ba,
ya gaji da rubutu, zafinmu ya ƙarasa shi.
Sabo sidi dubu goma sha ɗaya,
mako bakwai a hanya,
in ma kamfanin ya yarda ya san ta,
tun da ta haye ruwa suka shafe sunanta.

Barikisu ba ta yi kuka ba.
Ta ɗauki jakarta, ta tsayar da turoturo.

Motar na nan ƙarƙashin mangwaro,
kaji na kwana a inuwarta.
Wani lokaci nakan buɗe ƙofa in zauna,
in dubi allon.
Abu ɗaya yake nunawa yanzu:
wani tsoho mai furfura, kunnensa a karkace,
yana jira.

Gobe Fuseini zai gwada ɗaga ƙwayar da iska mai zafi.
Ya ce in zo da wuri.
Ni zan riƙe masa tocila.